Tambayi likita: hasken maƙesu yana da illa?

Tambaya: Likita yarona ya kama maƙesu ya damƙe a hannu, ba zai ƙona shi ba kuwa?

Hajiya kwantar da hankalinki, ba wuta ba ce. A ƙarshen cikin ƙwaron akwai sinadarin lusiferin, sai wani inzayim, wato sinadari mai hanzarta haɗuwar wasu sinadarai, mai suna lusiferes ya haɗa shi da iskar oksijin da kuma ATP, wato makamashin da ke cikin ƙwayoyin halittar duk wani mai rai har da ni da ke, to daga wannan haɗuwar hasken ke fita kuma kusan babu zafi sam. Ba ya cizo ba ya harbi. Baki ne kawai matsalar, da yawansu na ɗauke da guba mai ɗaci irin ta jikin wasu kwaɗi wadda ke taɓa zuciya, an ma samu ƙadangarun da ake kiwo sun mutu bayan sun ci. Guda ɗaya da wuya ya yi wa mutum wani abu, amma in ƙaramin yaro ya haɗiye ya fara amai a kai shi asibiti.

Tambaya: To me ya sa suke walƙiyar?

Neman aure ne malam! Namiji na shawagi yana ƙyaftawa, mace na kan ciyawa tana amsawa, nau'insu ya haura 2,000 kuma masu ƙyaftawar kowa da salonsa. Tsutsarsu ma na haske, nata gargaɗi ne ga mai son cinye ta.

Tambaya: Na murje wani ƙwaro a wuyana da dare, da safe wajen ya yi bororo. Shi ne?

Anya. Na fi zargin wani siririn ƙwaro mai baƙi da ja da ke bin hasken ƙwan lantarki, shi ba ya haske, ruwan jikinsa ne ke sale fata in an murje shi. Nan gaba hure shi kawai, in kuma an riga an murje a wanke da sabulu nan take, kar hannun ya je ido.

Tambaya: Wai gaskiya ne ana amfani da shi a asibiti?

Ƙwarai, tun 1947 wani masanin kimiyya mai suna William McElroy ya nuna sai da ATP hasken ke samuwa. Yanzu ana goga auduga a kan teburi ko kayan aiki a haɗa da lusiferin da lusiferes, in na'ura ta ga haske da yawa to akwai ragowar datti mai ɗauke da ATP, wankin bai yi ba, a sake. Masu binciken cutar kansa ma da wannan hasken suke bin girman ƙari a jikin ɓeraye.