Tambaya da Amsa: Ta ina zan kamo tarihin ƴan sandikar Amurka na da?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan jami'ar Maradi, bana nake gamawa, kuma an ba ni in rubuta memuwar kan wata ƙungiyar ma'aikata ta Amurka wai ita IWW. Wallahi na kwana uku a intanet har kiredina ya ƙare, wannan ya ce jarumai ne wancan ya ce ƴan ɓarna ne maƙiya ƙasa, na rasa wa zan kama, ga shi Ingilishin nawa sai a hankali. Don Allah ta ina zan fara?
Ɗalibi daga unguwar Zariya, Maradi

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ruɗanin nan da ka shiga yana da dalili. An kafa IWW, wato Industrial Workers of the World, ƙungiyar ma'aikatan masana'antu na duniya, a birnin Cikago a 1905, manyanta irin su Bill Haywood suka ce maimakon kowace sana'a da sandikarta, a yi babbar sandika guda ta haɗe kowa, baƙi da fari, mace da namiji, baƙon haure da ɗan ƙasa, alhali manyan sandikun lokacin gwanayen sana'a kawai suke ɗauka kuma da yawansu ba su karɓar baƙar fata. Ba ƙarin albashi kaɗai suke nema ba, so suke ma'aikata su karɓe masana'antu gaba ɗaya. To ka ga ai dole a yi rigima.

Ga inda gizo ke saƙar. A watan Satumba 1917, bayan Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko, gwamnati ta fasa birorinsu a garuruwa da dama ta kwashe takardu, a 1918 aka gurfanar da kusan mutum 100 a Cikago, Haywood ya sha ɗaurin shekara 20 a takarda amma ya gudu Rasha a 1921 can ya mutu a 1928. Takardun da aka kwashe kuwa yawancinsu daga baya halaka su aka yi. Ma'ana abin da ya yi saura da yawa, rahoton ƴan sanda ne da na ƴan leƙen asirin da masu kamfani suka ɗauka haya da bayanan kotu da jaridun masu kuɗi. Kamar a ce kura ce ta rubuta tarihin akuya. Ban ce ka zubar da su ba fa, akwai kwanan wata da sunayen wurare a ciki masu amfani sosai, amma kowace takarda ka ɗauka ka tambayi kanka wa ya rubuta, wa ke biyansa. Ɗan leƙen asirin da ake biya don ya gano haɗari ai ba zai dawo ya ce lahiya lau ba, tuwonsa ne zai ƙare.

Su ma nasu jaridun, Industrial Worker da Solidarity, haka za ka yi musu, don ba mai cewa miyarsa ba gishiri. Musamman kan yawan mambobi kar ka yarda da kowace lamba ido rufe, da yawansu ƴan cirani ne masu bin girbin alkama da saran itace da haƙar ma'adinai, yau mutum ya yanki jan kati, wato katin zama mamba, gobe ya hau jirgin ƙasa ya yi gaba bai sake biyan kotizasiyo ba.

Shawarata kar ka rungumi ƙungiyar dukanta, memuwar guda ba ta ɗauka. Kama yajin aiki ɗaya. Ni da ni ne na garin Lawrence a jihar Massachusetts zan ɗauka, wanda IWW ta ja ragamarsa a Janairu 1912, inda doka ta rage awannin aikin mata da yara daga 56 zuwa 54 a sati sai masu masaƙu suka zabge kuɗin awa biyun nan daga albashi, mutum sama da 20,000 masu harsuna barkatai suka aje aiki wajen wata biyu har sai da aka yi musu ƙari. Ka jera abin da jaridar ƙungiya ta ce da abin da jaridar gari ta ce kan rana guda, nan aikinka zai yi armashi.

Babban rumbun takardunsu yana jami'ar Wayne State a Detroit, ita kuma jami'ar Washington ta sa taswirar yajin aikinsu a intanet kyauta. Ka riƙa buga kalmar Wobblies wajen nema, laƙabinsu ke nan. Ingilishi kuwa ka samu aboki ɗan sashen Ingilishi ku zauna tare, fassarar salula tana kwaɓa tsoffin kalmomin leburori ba kaɗan ba.

In malaminka ya tambaye ka mi ya haɗa mu da su, ka ce mishi a 1917 an kafa Industrial Workers of Africa a Johannesburg bisa salonsu, don baƙaƙen ma'aikata. In ka zaɓi yajin naka ka sake rubuto mini.