Shin Da Gaske Ne Wasu Kalmomin Turanci Daga Raha Suka Samo Asali?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar Turanci ce a wata makarantar sakandare a Zariya. Ɗalibaina sun kawo mini wani rubutu da ke yawo a wayoyi, wanda ya ce kalmar OK daga kuskuren rubutu ta fito, kalmar posh kuma haruffan farko ne na wasu kalmomi huɗu da ake bugawa a tikitin jirgin ruwa. Shin akwai gaskiya a ciki? Kuma yaya zan bambance sahihin tarihin kalma da ƙagagge?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Rubutun da ɗalibanki suka kawo ya haɗa gaskiya da ƙage a wuri guda, kuma abin da ke raba su shi ne rubutacciyar shaida mai ɗauke da kwanan wata.

Batun OK yana da tushe, sai dai ba kuskure ba ne, da gangan aka yi shi. A ƙarshen shekarun 1830 'yan jaridar birnin Boston da ke Amurka sun ɗauki wata ɗabi'a ta ɓata rubutun kalmomi don raha, sannan su taƙaita su zuwa haruffan farko. Da haka all correct, wato komai daidai, ta zama oll korrect, aka taƙaita ta zuwa O.K., kuma ta fito a jaridar Boston Morning Post ranar 23 ga Maris, 1839. Sauran taƙaitattun kalmomin wannan yayi duk sun mutu, ita kuwa siyasa ce ta cece ta, domin a zaɓen 1840 magoya bayan Shugaba Martin Van Buren, wanda ake wa laƙabi da Old Kinderhook saboda sunan garinsu, sun ga haruffan sun dace da gwaninsu, sai suka yi ta yayata su. Van Buren ya faɗi zaɓe, kalmar kuma ta zauna daram. Farfesa Allen Walker Read na Jami'ar Columbia ne ya bi tsofaffin jaridu ya fito da wannan tarihi a 1963 da 1964.

Labarin posh kuwa, kalmar da ke nufin abu na 'yan gayu masu hannu da shuni, ba shi da irin wannan madogara. Ana cewa attajiran da ke tafiya Indiya daga Ingila sukan kama ɗaki a gefen hagu na jirgi idan za su tafi, gefen dama kuma idan za su dawo, domin gudun rana, sai a buga musu haruffan port out, starboard home a tikiti. Labarin yana da daɗin ji, amma ba a taɓa ganin tikiti ko ɗaya mai wannan tambari ba, kuma shi kansa labarin ya bayyana ne bayan kalmar ta riga ta shiga bakin mutane. Ƙera kalma daga haruffan farko, a furta ta kamar kalma guda, abu ne da ya yaɗu a ƙarni na 20, kamar radar da sojojin ruwan Amurka suka ƙirƙira a 1940. Saboda haka duk tsohuwar kalmar da aka ce miki haka aka gina ta, ki fara da tuhuma.

Kalmomin da aka haifa cikin wasa suna da yawa, kuma mun san iyayen wasunsu. Lewis Carroll, malamin lissafi a Oxford, ya narkar da chuckle da snort a littafinsa Through the Looking-Glass na 1871 ya samar da chortle, wato dariyar farin ciki mai fita har ta hanci, kuma shi ne ya raɗa wa irin wannan haɗi suna portmanteau, sunan wata jakar tafiya mai buɗewa gida biyu, domin ma'ana biyu ce aka cusa a kalma ɗaya. Ta wannan hanya aka sami brunch a 1895, abincin da ya haɗa karin kumallo da na rana, da smog wadda ta yaɗu daga 1905, hayaƙi da hazon da suka addabi Landan. Wadda ta fi cizo ita ce gerrymander. A 1812 Gwamna Elbridge Gerry na jihar Massachusetts ya sa hannu a kan dokar sake shata mazaɓu yadda jam'iyyarsa za ta amfana, ɗaya mazaɓar ta fito a murɗe a taswira kamar dabbar nan mai kama da ƙadangare da suke kira salamander, sai wata jarida ta liƙa sunan gwamna da wutsiyar sunan dabbar. Har yau da kalmar ake kiran maguɗin shata mazaɓu.

A ganina babu wadda ta kai serendipity kyawun tarihi, kalmar da ke nufin dacewa da alherin da ba shi mutum ya fita nema ba. Marubucin Ingila Horace Walpole ne ya ƙirƙire ta a wata wasiƙa ranar 28 ga Janairu, 1754, daga wata tatsuniyar Farisa ta 'ya'yan sarki uku na Serendip, waɗanda suka gane cewa wata dabba mai ido ɗaya ta bi hanya, saboda ciyawar gefe guda kawai ta ci. A asalin labarin raƙumi ne, amma Walpole ya rubuta alfadari. Serendip ɗin nan ita ce Sarandib ta littattafan Larabci, tsohon sunan tsibirin Siri Lanka, wanda almajiran da suka karanta ƙissoshin annabawa za su tuna a matsayin inda wasu ruwayoyi suka ce Annabi Adamu ya sauka.

Akwai kuma waɗanda kunne ya ƙera ba tare da niyyar kowa ba. A da Turawa na cewa a napron, sai masu ji suka raba maganar a wurin da ba nan ba, ta koma an apron, haka kuma an ekename, wato ƙarin suna, ta rikiɗe zuwa a nickname. Hausa ta yi makamancin haka da "al" ta Larabci, wadda ta haɗiye cikin alƙalami da labari da lahira. Kuskure ma kan shiga ƙamus kansa. Babban ƙamusun Webster na 1934 ya ɗauko wata kalma dord, alhali takardar da editan kimiyya ya aiko cewa ta yi "D or d", wato babban baƙi ko ƙarami, alamar nauyin abu gwargwadon girmansa. Sai a 1939 wani edita ya lura cewa kalmar ba ta da bayanin asali, ya bi sawu ya tarar ba a taɓa yin ta ba.

Abin da ya fi yaudarar ɗalibai shi ne kamannin sauti. Turanci na da alkali, sunan wani rukunin sinadarai, Hausa na da alƙali, duka biyun kuma daga Larabci suke, amma ta farko daga kalmar tokar wani tsiro take, ta biyu daga alƙadi mai shari'a. Haka nan an daɗe ana cewa boko daga book ta fito, har Farfesa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko, kuma ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo ta da irin wannan ma'ana. Idan ɗalibai suka sake kawo miki labarin wata kalma, ki sa su buɗe babban ƙamusun Oxford, wanda ke jera misalan amfani da kowace kalma tare da shekarunsu, su duba ko kalmar ce ta girmi labarin ko labarin ne ya zo tare da ita.