Mallaka, jingina da inshorar da ke waiwaye

Tambaya: Malam, a Amurka nake zaune, za mu sayi gida sai banki ya ce dole mu biya inshorar shaidar mallaka. Ba ita ce ta gobara ba?

A'a 'yar uwa, ba ita ba ce. Ta gobara abin da zai faru gobe take tsoro, wannan kuwa abin da ya riga ya faru kafin ki zo take waiwaya. Wataƙila shekaru 30 baya wani ya yi sa hannun bogi ya sayar da gidan, ko akwai magajin da aka raba gado ba da shi ba, ko tsohon mai gidan ya tafi da bashin haraji a kan gidan, ranar da ɗayansu ya ɓullo kamfanin inshorar ne zai ɗauki lauya, in an yi asara ya biya. Sau ɗaya ake biyan kuɗinta, ranar da aka ƙulla ciniki, ba duk wata ba. Kuma ki lura iri biyu ce, wadda banki ya tilasta miki kuɗinsa kawai take karewa, ta mai gida daban ake saye. Asalinta ma daga wata shari'a ce a jihar Fensilbeniya a 1868, mai saye ya yi asara saboda bashin da ke kan filin, kotu ta ce wanda ya binciki takardun bai yi sakaci ba, to a 1876 aka buɗe kamfanin farko a Filadelfiya.

Amma bari in tsaya kan ita kalmar mallaka, don yadda ake wasa da ita yanzu yana ƙona min rai. Mutum ya karɓi makulli yau, gobe ka ji wai ya mallaki gida. Haba! Mallaka daga Larabci muka aro ta, tushensu ɗaya da mulki, wato iko ne cikakke, ka sayar, ka kyautar, ka bar wa magada. Wanda ke zaune a ciki kawai riƙo yake yi, ɗan haya ma ai yana da makulli. Takarda kuma shaida ce, ba ita ce mallakar ba, shaida kuwa tana iya yin ƙarya, shi ya sa ma aka ƙirƙiro inshorar.

Tambaya: Jingina da bashi ɗaya ne?

Ina! Bashi shi ne kuɗin da ka karɓa, jingina kadarar da ka ajiye a madadinsa, in ka kasa biya a sayar. Masu cewa “na ci jingina” su gyara, bashi ake ci, gida ake jinginarwa.

Tambaya: Mene ne katara a cikin “kayan aro ba ya rufe katara”?

Gefen ƙugu ne zuwa saman cinya. Rigar da ba don kai aka ɗinka ba dole ta gaza wani wuri, kuma mai ita na iya zuwa karɓa kana tsakiyar taro. Kada ka rubuta ta da ƙ mai lanƙwasa, ɗana.

Tambaya: La'ada fa?

Ladan dillali ne in ciniki ya faɗa, in bai faɗa ba babu.