Batirin 504 ɗina yana tafasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Peugeot 504 haɗin Kaduna da na gada daga mahaifina, ina lallaɓa ta a nan Agege. Kwanan nan ruwan batir yana ƙonewa da wuri, ƙwayayen fitila suna mutuwa, in na buɗe bonet kuma sai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na sayi sabon batir, shi ma ya fara kumbura. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya jiƙan Baba. Kada ka sake sayen batir tukuna. Alamun nan na altaneta ne, wato na'urar da ke cajin batir, mai turo wuta fiye da ƙima, ko guda nawa ka saka haka zai dafa su.

Ka sa rewaya ya ɗora mita a kan batir ɗin kana tsaye. Mota a kashe ya kamata a ga kusan volt 12.6. In an tayar an ɗan taka totur, tsakanin 13.8 da 14.4. In ya haura 15 yana ƙara hawa da totur, to cajin ya wuce iyaka.

Mai riƙe linzamin altaneta shi ne regileta. Yana auna wutar motar, ya rage ko ya ƙara abin da ke shiga cikin altaneta. Tsofaffin 504 da yawa nasu a waje yake, ɗan akwati da aka ɗaure a jikin bodi, a nan kuma Legas take mana ɓarna. Danshi da iskar teku suna cinye gindinsa da tsatsa, sai ya ga kamar wuta ta yi ƙasa alhali ba ta yi ba, ya sakar wa altaneta mara. Don haka kafin ka nufi kasuwar kayan mota ta Ladipo, a kwance shi, a goge wurin har ƙarfe ya yi fari, a duba wayoyinsa da babbar wayar da ta haɗa inji da bodi, a sake aunawa. Sau da dama a nan maganar take ƙarewa. In mita bai sauko ba, regileta kaɗai za a canza, ba altaneta ɗungurungum ba.

Abin da yake ci mini rai shi ne masu zare kan batir inji yana aiki wai suna gwada caji. Don Allah kada ka bari a yi wa motar Baba haka. Batir ne ke shanye rarar wuta; da zarar an zare shi wutar takan yi tsalle ta ƙone diyod ɗin altaneta, wato 'yan sassan da ke daidaita wutar da yake turowa, har da rediyo.

Kafin a gyara, ka rage doguwar tafiya, kada kuma a kusanci batir ɗin da sigari ko ashana, domin iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta. Wanda ya kumbura kam ya gama aiki. A wanda za ka saka bayan an gyara, in ruwa ya ragu, tataccen ruwan batir za a ƙara, ba asid ba.