Tsohon kwastomanmu ya nemi ganawa, na'ura ta kai shi wurin sabon ma'aikaci

Tambaya: Ni ce ke kula da sashen ciniki a wani kamfani da ke sayar wa asibitoci da makarantu kayan sola a Kano da Kaduna. Mun sa fom ɗin neman ganawa a shafinmu, muka haɗa shi da rumbun bayanan kwastomomi, domin duk wanda ya nemi lokaci ya faɗa kalandar ma'aikacin da ke riƙe da shi. Makon jiya wani babban kwastoma ya cika fom, sai aka kai shi wurin yaron da muka ɗauka kwanan nan, ya faɗa masa farashin da ya saɓa wa yarjejeniyarmu. Mutumin ya fusata, ma'aikata biyu kuma suna rigima a kan kamasho. Hankalina ya tashi. Wani ya ce manhajar ce ba ta da kyau, mu biya shi ya sa mana wata. In yarda?

Amsa: Hajiya, kada ki biya kowa ko sisi tukuna. Ko Calendly kuke amfani da ita wajen tsara ganawa, ko Chili Piper, ko ta cikin HubSpot (manhajar ajiye bayanan kwastomomi), aikinsu kusan iri ɗaya ne: manhajar tana ɗaukar imel ɗin da aka rubuta a fom, ta neme shi a rumbu, ta duba sunan da ke gurbin mai riƙe da kwastoma, sannan ta buɗe kalandarsa. Idan ba ta sami mutumin ba, ko ta same shi amma kalandar mai riƙe da shi ba a haɗe take ba, sai ta koma tsarin karɓa-karɓa ta miƙa shi ga wanda layi ya zo kansa. Ina kyautata zaton ta nan yaron naku ya sami ganawar. Ki fara da kwatanta abin da kwastoman ya rubuta a fom da abin da ke rumbunku, harafi da harafi.

Sau da yawa a nan ake kama ɓarawon. An ƙera waɗannan manhajoji ne bisa zaton kowane kwastoma yana da imel mai ɗauke da sunan kamfaninsa bayan alamar @, alhali a wurinmu mai asibiti yakan yi amfani da Gmail ɗinsa yau, gobe akawunsa ya cika fom da Yahoo. Irin wannan adireshi ba ya nuna kamfani, shi ya sa HubSpot ba ta haɗa shi da wani kamfani da kanta. Lambar waya ta fi dacewa da kasuwarmu idan tsarinku ya ba da damar nema da ita, da sharaɗin a rubuta ta salo guda, domin wadda ta fara da 0803 da wadda ta fara da +234803 lambobi biyu ne a wurin tsarin da ba a saita ba. Idan kuma rumbunku yana cikin manhajar Salesforce ne, masu neman bayani da ba a riga an mayar da su kwastomomi ba suna zaune a jeri na daban, don haka dole ne a faɗa wa manhajar inda za ta fara dubawa.

Amma abin da ya fi damuna, wanda nake cin karo da shi kusan kullum, shi ne yadda shugabanni suka ɗauka cewa sunan da ke gurbin mai riƙe da kwastoma gaskiya ne tun da kwamfuta ce ta nuna shi. Kwamfuta ba ta san wanda ya je ya auna rufin asibitin ba, ba ta san wanda ake kira da daddare idan batir ya ƙi ɗaukar caji ba. Sunan da aka zuba mata kawai ta sani. A Salesforce, wanda ya buɗe bayani shi ne mai shi sai an sauya, haka kuma wanda ya loda jerin kwastomomi daga Excel ba tare da ya cika wannan gurbin ba yakan wayi gari duka suna ƙarƙashin sunansa. Na sha buɗe rumbu in tarar rabin kwastomomi na hannun mai gyaran kwamfutar da ya kafa tsarin, mutumin da bai taɓa sayar da ko ƙwan fitila ba. Sannan rufe asusun ma'aikacin da ya bar aiki ba ya sauke masa kwastomominsa. Sunansa na nan a kansu har sai wani ya zauna ya raba su. Ga kuma wani tarkon: kamfanin kwastoma yana da mai riƙe da shi, kowane mutum da ke cikin kamfanin ma yana da nasa, kuma suna iya bambanta. Idan ba ku yanke wanda za a bi ba, manhaja za ta bi wanda aka saita mata tun ranar farko, ko da ba wanda ya tuna.

To, a kan irin wannan rumbun ne wani zai zo ya ce zai ɗora sabuwar manhaja cikin yini guda. Wannan sauya tulu ne alhali rijiyar ce ta gurɓace. Masu irin wannan tallar ba sa tambayar yaushe aka yi wa rumbu tankaɗe da rairaya, ba sa neman ganin jerin waɗanda suka bar aiki, kuɗin haɗawa kawai suke so, in abin ya sake faruwa su ce intanet ce. Kuma kafin ki miƙa wa baƙo mabuɗin rumbun gaba ɗaya, ki tuna akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma kamfaninku ne ke da alhakin lambobi da adireshin mutanen da ke ciki.

Abin yi shi ne ki fitar da jerin kwastomomi duka tare da sunan mai riƙe da kowanne, ki tara ma'aikata a bi shi layi-layi, a fara da manyan. A haɗe bayanan da suka maimaitu, a ƙara duk imel da lambar da aka san kwastoma da su. A rubuta ƙa'ida cewa mai riƙe da kamfani shi ake bi idan an sami saɓani, kuma ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki ko ya tafi hutu, ranar ake miƙa kwastomominsa. Ki ƙara tambaya ɗaya a fom: shin kun taɓa saye a wurinmu? Duk wanda ya ce e amma ba a same shi a rumbu ba, kalandarki za a buɗe masa, karɓa-karɓa kuma a bar ta ga sababbi zalla. Bayan gyara, ki cika fom ɗin da kanki da imel ɗin da kika san yana rumbu, ki sake cikawa da wanda babu, ki ga inda kowanne ya faɗa.

Batun kamasho kuwa, yaron bai yi laifi ba don ya amsa ganawar da aka turo masa, sai dai ya kamata a koya masa duba tarihin mutum kafin ya furta farashi. Cinikin na mai riƙe da kwastoma ne, kuma a rubuta hakan a takarda kowa ya sa hannu. Shi kuma kwastoman, ke da tsohon wakilinsa ku je ku same shi a ofishinsa cikin makon nan da takardar yarjejeniyar a hannu.