Yaya, ga amsar tambayarki kan motarmu da kujerun yara

Yaya, na saurari saƙonki har sau biyu. Kin ce da kika ga hoton da na turo ranar Sallah sai jikinki ya yi sanyi: ga Sienna irin ta tasha, ga yara an ɗaɗɗaure kowa a tasa kujerar, ga auta can baya ta juya wa uwarta ƙeya. Kika tambaya ko baban yara ya shiga haya ne, kuma me ya hana ni rungume 'yata a cinya kamar yadda Inna ta yi mana. Ban ji haushi ba ko kaɗan, don ni ma da wannan tambayar na sauka jihar Maryland ta Amurka.

Ba haya yake yi ba. Na san a gida da an ce Sienna ko Sharon, hanyar Kano zuwa Abuja ce ke faɗo wa mutum a rai, fasinja a matse, kaya a but har sai an ɗaure ƙofa da igiya. Nan kuwa motar iyali ce, don masu yara aka ƙera ta, a jihar Indiana ake haɗa ta. Da yawa cikin waɗanda kike gani a tasha nan suka gama kai yara makaranta kafin a loda su a jirgin ruwa.

Da muna da yara biyu ƙaramar mota ta ishe mu. Cikin na uku ne ya sauya lissafi. Dokar jiharmu ta ce duk yaron da bai kai shekara 8 ba sai ya zauna a kujerarsa ta musamman, sai dai in tsayinsa ya kai ƙafa 4 da inci 9. Wanda bai kai shekara 2 ba kuwa, tun 2022 dole kujerarsa ta fuskanci baya. Kowace jiha da irin tata dokar, Tennessee ce ta fara a 1978, kafin ƙarshen 1985 duk sun bi sahu. Kujerun nan faɗi gare su. Baban yara ya kwashe yammaci guda a bakin gida yana ƙoƙarin jera uku a bayan motar, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ga Inna tana tafe wankan jego, mun zama mu shida ke nan, mota kuma mai cin biyar. A nan ba a cewa a gyara zama a ɗan matsa. Rai ɗaya, mazauni ɗaya, bel ɗaya.

Ki tambayi Inna ranar da aka sallame ni daga asibiti, har yanzu tana ba da labarin. Ta shimfiɗa zani a cinya tana jira a miƙo mata jikanta, sai ma'aikaciyar jinya ta ce a kawo kujera tukuna, ta duba yadda aka ɗaura madaurin a ƙirjinsa, sannan ta raka mu har bakin mota. Inna ba ta ce uffan ba sai da muka isa gida. Da daddare ta ce da ni, ɗan kwana biyu a duniya a raba shi da jikin mutum, wannan wace irin ƙasa ce. Na yi kuka a daren nan, don gaskiyarta ce ta wani ɓangaren. Mu da aka raina a goyo mun san ɗumin baya.

Amma goyo na mai tafiya da ƙafa ne, Yaya. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa in ta tsaya farat ɗaya, jaririn da ke cinya ba ya tsayawa tare da ita. Nauyinsa ninkuwa yake yi sau da yawa a cikin ƙiftawar ido, babu hannun uwar da zai iya riƙe shi, komai ƙaunarta. In kuma ita ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai danne shi. Nauyin kan jariri ya fi ƙarfin wuyansa, shi ya sa ake juya shi baya, don bayan kujerar ya tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar nan ta ƙididdige cewa kujerar tana rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin 100. Ajali na Allah ne, ban musa ba, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Abin da wuya, ba zan ɓoye miki ba. In auta ta fara tsala kuka a kan babban titi, nono na zuba, ba dama in ciro ta. Sai mun nemi gidan mai mun tsaya. Lokacin sanyi sai na tuɓe musu rigar nan mai kumburi kafin in ɗaure su, don tana hana madaurin kama jiki, sannan in lulluɓa musu bargo a sama. Fita ɗaya sai ta ci minti goma kafin a tayar da mota. Babbar ma, da ta wuce shekarun kujera, ba ta zama gaba sai ta kai 13, saboda jakar iskar da ke fashewa in an yi karo.

In kika zo masallacinmu ranar Asabar, lokacin Islamiyya, za ki ga filin ajiye motoci cike da Sienna da Odyssey da ire-irensu, duk na 'yan'uwa ne, mutanen Kano da Zariya da Maraɗi da zangon Kumasi. Ba gasa ba ce. Nan babu A daidaita sahu a ƙofar gida, babu yaron maƙwabta da za a ce ya raka su. Tamu mai cin takwas ce, mu shida ne yanzu da zuwan auta, guraben nan biyu da suka rage su ne zumuncinmu. Da su nake ɗauko 'ya'yan wata baiwar Allah da ke aikin dare, da su ake tarbo baƙo daga filin jirgin Dulles. Uwa takan miƙo miki ɗanta da kujerarsa a hannu, kamar yadda ake haɗo yaro da allonsa. Ba sabuwa muka saya ba, adashi muka shiga har kwasarmu ta zo, don mu kauce wa bashin banki mai ruwa, kuma haka da yawa suke yi. Kujerun ma gadonsu ake yi daga gida zuwa gida, sai dai ana duba ranar ƙarewar wa'adinsu a jiki, wadda kuma aka taɓa yin haɗari da ita ba a ba kowa.

Na san kujera ɗaya kuɗin abincin wata ne a wani gidan, kuma mai hawa motar haya ba shi da zaɓi. Ba da su nake ba. Hoton da kika turo na ɗanki ne ya tsaya mini a rai, yana tuƙi ga jikarki a cinyarsa tana riƙe da sitiyari. Shi yana da mota, yana da hali. In Allah ya kai mu hutun Disamba zan taho da kujeru uku, biyu na yarana, ɗaya ta jikarki ce ba zan dawo da ita ba. Don Allah ki sa shi ya zaro bel ɗin bayan motar daga ƙarƙashin kushin, ya gwada ko suna kamawa, in sun lalace a gyara kafin mu iso. Ki gaida Inna da kyau.