Hukuncin Yi wa Masu Ba da Bashi da Ruwa Kamun Ƙafa a Majalisar Amurka

Tambaya: Allah Ya gafarta Malam, ina zaune a Amurka, kuma wani kamfani da ke yi wa masu ba da bashi da ruwa kamun ƙafa wajen 'yan majalisa ya yi mini tayin aiki. Aikina shi ne rubuta hujjojin da za su sa a sassauta dokokin da suka ɗaure su. Wani abokina ya ce duk kanwar ja ce, tunda dokokin ba su hana ruwa ba, iyaka kawai suka yi masa. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗan'uwa, kamun ƙafa a karan kansa ba haramun ba ne, domin wani nau'i ne na ceto, kuma aya ta 85 a Suratun Nisa'i ta bayyana cewa wanda ya yi kyakkyawan ceto yana da rabo daga gare shi, wanda kuma ya yi mummunan ceto yana da kaso daga zunubinsa. Abin dubawa shi ne wa ake ceta, kuma a kan wa.

Dubi bashin da ake kira na kafin albashi. Ma'aikaci zai karɓi dala 100 na mako biyu, a ɗora masa dala 15, wanda in aka lissafa a shekara ya kai kusan kashi 391 cikin ɗari. Ranar biya ta zo ba shi da hali, sai ya biya dala 15 ɗin a sabunta masa wa'adi, uwar kuɗin kuma tana nan daram a wuyansa. Wannan shi ne ruwan jahiliyya da Alƙur'ani ya sauka yana yaƙa, na "ko ka biya ko ka ƙara". Majalisar Amurka da kanta ta ga munin abin, har a 2006 ta ƙayyade ruwan da za a ɗora wa sojoji da iyalansu a kashi 36 cikin ɗari a shekara, sannan bayan rikicin tattalin arziki na 2008 ta zartar da dokar Dodd-Frank a 2010, wadda ta kafa hukumar CFPB mai kare masu hulɗa da bankuna.

Maganar abokinka kuskure ce. Dokar da ta rage zalunci ba ta halatta ragowarsa ba, kuma ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce ana kawar da cuta gwargwadon iko. Ka tuna yarjejeniyar Hilful Fudul, wadda aka ƙulla a gidan Abdullahi bin Jud'an saboda wani baƙon ɗan kasuwa da Al-As bin Wa'il ya hana wa kuɗin hajarsa. Mushirikai ne suka ƙulla ta, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce da za a kira shi zuwa irinta a Musulunci da ya amsa.

Kada kuma ka raina alƙalaminka. A 2017 hukumar CFPB ta fitar da ƙa'idar da ta hana bankuna toshe wa abokan hulɗarsu hanyar haɗuwa su shigar da ƙara ɗaya, bankuna suka matsa lamba, Majalisar Dattawa ta soke ta da ƙuri'a 51 da 50, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Mike Pence, ne ya raba gardama. A irin wannan kunnen doki, takarda ɗaya da aka tsara da gwaninta tana iya karkata ɗan majalisa guda, kuma wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a tambayarka. A hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito an la'anci mai cin ruwa da mai bayarwa da marubucinsa da shaidunsa biyu; idan haka ne matsayin wanda ya rubuta cinikin mutum ɗaya, yaya wanda ya rubuta abin da zai buɗe ƙofar ga miliyoyi? In kuwa aka haɗa da gudunmawar yaƙin neman zaɓe bisa sharaɗin ƙuri'a, to an shiga rashawa, ko da an sake mata suna.

Saboda haka wannan aiki bai halatta gare ka ba, albashinsa ma haka. Idan ka sami masu kamun ƙafa domin a tabbatar da waɗannan dokoki ko a ƙara tsaurara su, ya halatta ka yi musu aiki da gaskiya, ba tare da ƙarya ko cin hanci ba. Allah ne Mafi sani.